"Baba Zauna Ka Huta" Tana Cinye Jikin Iyayenmu

Akwai wani abu da muke yi wa iyayenmu da kyakkyawar niyya, amma yana cutar da su. Da zarar mutum ya haura sittin, ko ya yi ritaya, ko 'ya'yansa sun samu abin hannu, sai mu kewaye shi da "Baba zauna ka huta", "Hajiya bari yara su yi". Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, an riga shi. Za shi masallacin unguwa da ƙafa, an tsayar masa da adaidaita sahu. A wurinmu wannan biyayya ce da neman albarka, kuma ban raina niyyar ba ko kaɗan. Amma tsokar jiki idan ba a sa ta aiki zubewa take yi.

Tun daga wajen shekara 30 tsokar mutum take fara raguwa, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Abin da ke ruɗar mutane shi ne sikeli ba ya fallasa wannan. Mutum yana kilo 70 yana ɗan shekara 35, ya kai 65 har yanzu kilo 70 ɗin ne, sai ya ce ai shi bai canza ba. Ku dube shi da kyau idan ya tuɓe babbar riga: cinya ta sirance, damtse ya saki, tumbi ya yo gaba. Tsoka ta tafi, kitse ya maye gurbinta, kuma mafi munin kitsen shi ne wanda ke taruwa can cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, wanda ke tafiya tare da ciwon suga da ciwon zuciya. Tsoka ce babban wurin da ke janye sukari daga jini bayan an ci abinci, don haka raguwarta hanya ce da ake share wa ciwon suga. Mu kuwa idan muka ga tumbin sai mu ce Alhaji ya samu hutu, ya yi kyau.

Iyayenmu mata nasu ya fi tsanani. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana saurin yin rauni, kitse kuma ya koma ciki. Ƙafa ba ƙarfi, ƙashi ba ƙwari, santsi ɗaya a banɗaki ya isa ya karya ƙugu. Kwanciyar da ke biyo baya ita ma masifa ce: a wani bincike da aka yi a Amurka a 2007, dattawa lafiyayyu da aka kwantar a gado kwana 10 kacal sun yi asarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu.

Abin da ya sa nake wannan magana da zafi shi ne matsalar tana da gyara, ko da an tsufa tukuf. A 1990 wata likita, Maria Fiatarone, ta ɗauki tsofaffi goma a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, masu shekara 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya kusa ninkawa uku, tsokar cinyarsu ta ƙaru da wajen kashi 9 cikin ɗari. 'Yan shekara casa'in ke nan fa. To ina ga Baba ɗan 65 da muka riga muka yanke wa hukuncin zama a tabarma?

Ku lura da sahun farko a masallaci, yadda kujerun roba ke ƙaruwa. Addini ya yi sauƙi ga wanda ba ya iyawa, wannan ba abin jayayya ba ne, kuma wasu ciwon gwiwa ne na gaske ya zaunar da su. Amma da yawa abin ya fara ne daga ranar da tashi daga sujada ya koma sai an dafa ƙasa da hannu biyu, an yi nishi, an jira kafin a miƙe. Wannan raunin cinya ne, kuma shi ake iya tarewa tun da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, da na hana faɗuwa kwana uku. Tafiya tana da kyau ƙwarai, amma ita kaɗai ba ta isa ta riƙe tsoka ba. Kuma ba sai an je gidan motsa jiki ba. Dattijo ya zauna a kujera ya tashi ba tare da ya dafa ba, sau goma, ya huta, ya maimaita. Ya ɗaga galan mai ruwa. Ya tura bango da hannuwa. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kusa da abin riƙewa. Mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai yawan jiri, ya fara ganin likita tukuna.

Sai abinci. Tsoho koko da safe, shayi da burodi, tuwo da dare, nama kuwa haƙori ya hana. Da me zai gina tsoka? Masana sun ce dattijo yana bukatar furotin gram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, wato mai kilo 60 yana neman gram 60 zuwa 72, alhali ƙwai guda wajen gram 6 ne kawai. Na san halin da kasuwa ke ciki, amma wake, alale, ƙosai, awara, gyaɗa, nono da busasshen kifi a miya duk suna cike gurbin, kuma ba sa wahalar tauna. Mai ciwon ƙoda shi kam likitansa ne zai auna masa.

Babban cikas kunya ce. Ɗa yana tsoron a ce ya bar uwarsa tana shara ga shi da kuɗi, ko a ga mahaifinsa a ƙafa a ce ya gaza. Ni dai ina roƙon 'yan'uwa, idan Hajiya ta ce za ta share ɗakinta, ta ba awakinta dusa, ta taka zuwa gidan suna a maƙwabta, a ƙyale ta. Wadda ba ta fita kuma, jikoki su riƙa zagaya tsakar gida da ita bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi.