Ga masu ɗaukar ma'aikata a Yamai: ina kashi biyar na naƙasassu?

Tun shekarar 1993 dokar ƙasar Nijar ta wajabta wa duk wata ma'aikata ta gwamnati ko ta masu zaman kansu da ke da ma'aikata aƙalla 20 ta keɓe kashi 5 cikin ɗari na guraben aikinta ga naƙasassu. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, sannan dokar ƙwadago ta 2012 ta haramta a hana mutum aiki saboda naƙasa. Lissafin ba shi da wuya: mai ma'aikata ashirin, mutum ɗaya ake nema daga gare shi. Amma duk wanda ke shiga bankuna, kamfanoni da ofisoshin ƙungiyoyi a Yamai ya san sau nawa yake tarar da makaho ko gurgu zaune bayan tebur yana aiki.

A ganina, yawancin shugabannin ma'aikatu ba mugunta ce ta hana su ba. Sun saba kallon naƙasasshe a matsayin wanda ake miƙa wa sadaka ta tagar mota ranar Juma'a, shi ya sa idan ya zo riƙe da takardar shaidar karatu sai a rasa inda za a sa shi, a ce masa "Allah ya kawo sauƙi", a sallame shi da kuɗin taksi.

Tun wajen neman aikin ake zubar da su. Ana liƙa sanarwa a bango ko a tura hotonta ta WhatsApp, alhali manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba ta iya karanta hoto yadda ya kamata. Ana cewa a ajiye dosiye a hawa na biyu, sai mai keken guragu ya tsaya a ƙasa cikin rana yana roƙon mai gadi ya kai masa takardunsa sama, ba tare da ya ga fuskar wanda zai karɓa ba. Kurma kuma a kira shi ganawa babu mai fassara maganar hannu, daga baya a rubuta cewa bai amsa tambayoyi ba. Gyaran wannan bai kai kuɗin shayin wani taro ba: a rubuta sanarwa da haruffa, a yi ganawar a ɗakin ƙasa, a tambayi mai neman aiki abin da yake buƙata kafin ranar. Manhajar NVDA da makafi ke aiki da ita a kwamfuta ma kyauta ce.

Masu cewa ba su samun ƙwararru, ina tambayarsu inda suka nema. Makarantar makafi ta Soly Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba suna nan cikin Yamai suna yaye ɗalibai, kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH, ta san waɗanda suka kammala jami'a suke zaune gida.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaukar mutum don cika lissafi, a ba shi kujera da albashi a hana shi aiki. Ba a tura shi horo, ba a kiransa taro domin ɗakin taron yana sama, shekara goma yana matsayi ɗaya, har ya zamo ba ya shan ruwa da rana saboda ƙofar bayi ba ta ɗaukar kekensa. Wasu sun gina gangaren shiga, amma tsayensa sai mutum biyu sun tura. Ya kamata a ba shi aiki na gaske, a auna shi da ma'aunin da ake auna kowa, a yi masa faɗa idan ya yi sakaci, a ƙara masa girma idan ya cancanta. Su kuma sufetocin aiki, idan sun zo duba rajistar ma'aikata, su riƙa tambayar kashi biyar ɗin nan kamar yadda suke tambayar takardun CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa.