Abinci ya kawo su aji, wa zai koya musu karatu?

Shekaranjiya da la'asar 'yar maƙwabcina ta shigo da tiren dafaffiyar gyaɗa. Daidai lokacin saƙo ya shigo wayata, gilashina kuma yana ɗaki, sai na miƙa mata na ce, "Ke 'yar boko, karanta mini." Hausa ce zalla, layi biyu. Ta ƙura wa wayar ido, ta tsinto "na", ta tsinto "ba", sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ba a zo mana nan ba."

Aji biyar take, jama'a. Shekara biyar uwarta na wanke yunifom tana shanyawa.

Tun ranar nake juya zancen shirye-shiryen da ake cewa an kawo don 'ya'yan talakawa. Ba su da kaɗan. A 2004 aka yi dokar UBE, karatun shekara tara kyauta kuma dole. A 2012 Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka gina sama da 150 irinta, yau da yawansu sun zama kango. A 2016 gwamnatin Buhari ta fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro. Ni ban ga laifin ciyarwa ba, da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yaron da ya fito gida ko koko bai sha ba, ba zai ji malam ba. Amma wanda duk ke zaune kusa da firamare ya ga yadda abin ya kasance: aji ya cika ya batse kafin masu abinci su iso, ana gama suɗe roba sai ka nemi rabin yaran ka rasa. Aka ƙirga kawuna, aka ƙirga kwanuka, aka kai rahoto Abuja. Wa ya ƙirga waɗanda suka iya karanta sunansu?

Shirin da ya fi shiga raina shi ne wanda bai da hayaniya. Wata ƙungiya ce a Indiya, Pratham, ta fito da tsarin koyar da yaro daga inda ya tsaya. A 2019 aka fara gwada shi a Wudil da Dawakin Tofa da sunan KaLMA, ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Malam zai zauna da yara ɗaya bayan ɗaya ya gwada su. Wannan bai san baƙi ba. Wancan ya san baƙi amma bai iya haɗawa ba. Wata tana karanta kalma, jimla ce ke kayar da ita. Sai a ajiye zancen aji gefe na ɗan lokaci kullum, a raba su rukuni-rukuni, a koya musu da Hausar da suke mafarki da ita, lissafi kuma da tsinke da duwatsu. Wanda ya iya sai ya matsa gaba.

Dariya ta kama ni ranar da aka yi mini bayaninsa, domin wannan ai makarantar allo ce. Alaramma bai taɓa tara yara sittin ya biya musu karatu ɗaya don shekarunsu sun zo ɗaya ba. Kowa da allonsa. Mai babbaƙu yana babbaƙu, mai farfaru yana farfaru, kuma ba ka wankewa sai ka biya an ji ya zauna. Mu muka baro abinmu a zaure, muka koma bin manhajar da ke gudu ko yaro ya biyo ko bai biyo ba, ƙarshen zango a ce duk an ci, a tura su gaba. Sai ga shi an kawo mana shi daga Indiya da sabon suna. To, Allah ya sa albarka, mun karɓa.

Ɗan mai hali ba ya shiga wannan rami. In bai gane a aji ba akwai malamin lesin da yamma, akwai yayar da ke jami'a. Ɗan mai tura baro malamin aji ne kaɗai gatansa, shi kuma malamin sau da yawa neman agaji yake. Ku tuna 2017 a Kaduna, malamai 21,780 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. An yi ta cece-kuce a kan korarsu, ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaran da suka yi shekaru a gabansu.

Saboda haka in ɗan majalisarku ya zo da hotunan rabon jaka da takalmi, ku gode masa, sannan ku ce ya shiga aji uku ya miƙa wa yara goma takarda su karanta a gabansa. Na san ba zai so ba, kyamara ba ta son irin wannan.

Yarinyar kuwa na roƙi uwarta ta riƙa sakin ta rabin awa bayan la'asar. Ta yarda bisa sharaɗin zan saye gyaɗar da ta rage. Jiya muka fara, a bayan tsohuwar kalanda. Baƙaƙen duk ta san su ban da ɗ da ƙ. Yau za mu shiga haɗi.