Takarda mai giram 80 na biya wa kuɗi

Jiya na je karɓar littafin darasi da na bayar a buga wa ɗalibaina na ajin manya, kuma har yanzu raina bai huce ba. A takardar yarjejeniya an rubuta ƙarara cewa za a yi aikin da takarda mai giram 80, girman A5 (wato rabin falle A4), girman haruffa lamba 12. Da na buɗe kwalin na ɗaga falle ɗaya a haske, sai na karanta rubutun bayan shafi daga gabansa, haruffan kuwa sun ƙanƙance kamar rubutun jikin kwalin magani.

Na ce wa mai kula da aikin: "Malam, wannan ba giram 80 ba ce." Bai ɗago kansa daga wayarsa ba, ya ce: "Alhaji, duk takarda takarda ce, wannan lissafin namu ne na masu sana'a." Na ce masa lissafin ba asiri ba ne. Giram 80 na nufin nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar, kuma falle 16 na A4 ne ke cika wannan faɗin, saboda haka falle ɗaya giram 5 ne, rim mai falle 500 kuma kilo 2 da rabi. Na roƙe shi ya ɗora rim ɗaya a sikeli mu gani tare. Sai ya yi dariya, ya juya ga yaran shagon ya ce: "Ku zo ku ga wanda zai koya mana ɗab'i." A gaban mutane aka mayar da ni abin dariya don na nemi abin da na biya.

Maganar haruffa ta fi ƙona mini rai. Maimakon su sake tsara shafukan, sai suka matse shafin A4 kai tsaye zuwa A5, wanda ke rage komai zuwa kusan kashi 71 cikin 100, lamba 12 ta koma wajen 8 da rabi. Ɗalibaina dattawa ne da suka fara koyon karatu da furfura a kansu, wasu ko tabarau ba su da shi. Da wane ido za su karanta wannan?

Shekara da shekaru haka muke sha: rim da ba ya cika 500, hoto ya fito dishi-dishi a ce laifin kwamfutarka ne, a yanke gefen rubutu a ce injin ne. Alhali waɗannan ma'aunai ba jiya aka kafa su ba. Tun 1922 Jamus ta tsayar da girman takardun A, irin su A4 da A5, duniya ta karɓe shi a matsayin ma'aunin ƙasa da ƙasa mai suna ISO 216 a 1975, kuma A4 milimita 210 ne da 297 a ko'ina.

Ina hukumomin awo da ma'auni? Suna da hurumin duba sikelin 'yan kasuwa da famfon gidan mai, amma ban taɓa ganin jami'i ya shiga maɗaba'a ya auna rim ɗaya ba. Gwamnatin da ke ta kiran a yaƙi jahilci ita ce ta bar littafin koyon karatu a hannun wanda ya ga dama ya rage masa nauyi. Mu kuma mun saba da shiru, har wanda ya tambaya shi ake wa kallon mai neman fitina. Ranar Litinin za a buɗe aji, kwalayen suna nan jibge a ɗakina, kuma ban san abin da zan miƙa wa mutanen nan ba.