Duban ganye kaɗai ba ya tabbatar da cutar bairas

Manoma da yawa suna ɗauka cewa da zarar ganyen tumatir ko barkono ya koma rawaya, ya nannaɗe, ko ya yi dabbare-dabbare, to lallai bairas ne. Ba haka abin yake ba, domin ƙarancin sinadaran abinci a ƙasa, ko maganin kashe ciyawa da iska ta kwaso, su ma suna kawo irin waɗannan alamomi, kuma wani lokaci bairas biyu kan haɗu a shuka guda. Gwajin ELISA ko PCR, wato hanyoyin gano bairas a jikin shuka da ake yi a ɗakin bincike, shi ne ke tantance nau'in cutar, kuma sanin nau'in ne ke nuna mai yaɗa ta, kamar farin ƙuda a cutar nannaɗewar ganyen tumatir.