Ruwan da dabba ta sha, da naman da muke ci

A ƙasashen Turai akwai dokar da ta ƙayyade yawan ragowar sinadarin tsabtace ruwa da aka yarda a samu a cikin nama da madara da ƙwai. Duk lokacin da irin wannan labari ya iso nan Katsina, mutanenmu kashi biyu suke rabuwa. Wasu su ce wannan maganar masu ƙoshi ce, mu da muke fama da kuɗin dusa ina ruwanmu. Wasu kuma su tsorata, su ce ashe guba ake ba mu, a hana zuba wa dabbobi komai a ruwa. Ni dai ban ga gaskiya a wajen ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma na biyun sun fi ba ni tsoro.

Sinadarin da aka fi kashe ƙwayoyin cuta da shi a ruwa shi ne kilorin. Shi ne warin da kake ji a ruwan famfo ranar da aka yi sa'a ya zo daga madatsar ruwa ta Ajiwa, shi ne kuma a cikin bilicin wanki da mata ke jiƙa fararen kaya da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ruwan sha ana son ragowarsa ta kai miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kada kuma ta wuce miligiram 5. Kilorin ɗin da kansa ba ya daɗewa, yana aikinsa ya gushe. Abin da ake jin tsoro shi ne abin da yake bari a baya. Idan ya haɗu da datti irin na ganye da kashin dabbobi, yana haifar da wasu sinadarai, daga cikinsu har da kulorofom. Idan kuma ruwan bilicin ya daɗe a ajiye, musamman cikin zafi da hasken rana, sai ya riƙa rikiɗa yana zama wani abu da ake kira kiloret. Shi wannan ba ya tsabtace ruwa, kuma tafasawa ko gashi ba sa kawar da shi.

Illar kiloret ita ce yana hana jiki amfani da aidin yadda ya kamata, wato sinadarin nan da aka wajabta sakawa a gishiri a ƙasar nan domin maganin maƙoƙo. A 2015 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce abin da jiki zai iya ɗauka kullum ba tare da damuwa ba shi ne maikirogiram 3 a kowane kilo na nauyin mutum (maikirogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya). Ka ga yaro mai kilo 15 rabonsa rubu'in na babba mai kilo 60 ne, shi ya sa suka fi damuwa da ƙananan yara. A 2020 Tarayyar Turai ta fitar da doka mai lamba 749 da ta sa wa kowane irin abinci iyakarsa. Masana'antar madara ta ƙasar Ailan, da take sayar wa duniya man shanu da madarar jarirai, daga farkon 2021 ta sa masu tatsa su daina wanke injinan tatsa da sabulun kilorin, don kada kayansu su faɗi a gwaji.

Gaskiyar da masu tsorata mutane ba sa faɗa ita ce, kiloret ba ya taruwa sosai a jikin dabba. Mafi yawansa yana fita ta fitsari cikin ɗan lokaci. Saniyar da ta sha ruwan da aka auna wa kilorin daidai, namanta bai zama abin gudu ba. Wadda ta sha a kududdufin ƙarshen damina, inda garke goma suka yi fitsari da kashi, ita ce za ka yanka ka tarar da hanta duk tsutsa. Kazar da ke shan ruwan tankin da ya yi gansakuka ita ce za ta kama zawo, mai ita ya ruga kasuwa ya sayo magani ya zuba mata. Wanda duk ya ce a daina tsabtace ruwan dabbobi, ya sani cewa kasuwar masu sayar da magani yake buɗewa.

To ina matsalar take a wajenmu? A wajen awo take.

Akwai wani gidan kaji a bayan gari, ta wajen Ƙofar Ƙaura, da nake zuwa sayen ƙwai. Kaji ne da ba za su wuce ɗari biyar ba, da baƙin tanki mai cin lita 1,000 a kan dakali, rana na dukansa tun safe. Na tarar da yaron da ke kula da su ya hau tsani riƙe da galan ɗin bilici wanda takardar jikinsa ta koɗe har ba a karanta ta. Ya tuntsura galan ɗin yana zubawa, ba cokali ba murfi. Na ce, "Samari, nawa kake zubawa haka?" Ya ce, "Baba, Alhaji ya ce in zuba har sai na ji wari." Na ce galan ɗin fa, tun yaushe yake nan? Ya ce tun kafin azumi, a jikin tankin ake jingine shi. Yaron bai yi laifin komai ba, abin da aka sa shi ya yi. Shi ma Alhajin ba mugunta ce ta sa shi ba, kajinsa yake tsoron su mutu.

Ga lissafin da babu wanda ya taɓa yi musu. Bilicin da aka rubuta kashi 3.5 cikin ɗari a jikinsa, idan ruwan garau ne, wajen mililita 60 ya ishi tankin lita 1,000, wato cokalin cin abinci huɗu. Jarka mai lita 25 ko rabin ƙaramin cokalin shayi ba ta buƙata. Wanda yake jiran hancinsa ya gaya masa, sai ya ninka haka sau da yawa. Ga kuma inda abin ya fi muni: galan ɗin da ya sha ranar watan Afrilu a Katsina, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarfinsa ya ragu, kiloret ɗin cikinsa ya ƙaru. Tun da ƙarfin ya ragu, sai an ƙara zubawa kafin a ji warin. Ƙarshenta ruwan bai tsabtatu yadda ake so ba, abin da ake gudu kuma an tula shi. Ban da wannan, wani bilicin na wanki an sa masa turare da wasu abubuwa da ba a yi su don ciki ba, na mutum ko na dabba.

Wani abin da masu kaji da yawa ke asara a kansa ba su sani ba shi ne rigakafi. Lasota da Gumboro da ake ba kaji a ruwan sha, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Kilorin bai san ta gida da baƙuwa ba, kashe ta yake yi. Likitocin dabbobi kan ce a tsayar da kilorin kwana biyu kafin ranar rigakafi, a kuma sa garin madara marar maiƙo kamar giram 2 a kowace lita don ya kare maganin. Mutum ya sayi rigakafi da tsada, ya ɗauko shi cikin ƙanƙara, ya juye a ruwan da ke warin bilici, bayan sati uku kaji su fara zubewa ya ce an sayar masa da jabu.

Yanzu a zo batun doka. Na ji wasu 'yan boko na cewa mu ma a kwafo iyakokin Turai a sa a dokarmu. Kwafowa ba wuya, takarda ce. Amma wa zai auna? Gano kiloret a cikin tsoka yana buƙatar na'ura mai tsadar gaske da ƙwararren da zai sarrafa ta da wutar da ba ta ɗaukewa. Naman da aka yanka a kwata da asuba, kafin azahar ya shiga tukunya, na yamma kuma yana kan tukubar mai tsire. Kafin a ɗauki samfur a kai wani gari a dawo da sakamako, an cinye an sha ruwa. Ballantana ragunan suna da na layya da kajin da ake figewa a bakin kasuwa, waɗanda ba malamin dabbobin da ke ganinsu. Dokar da ta tsaya a kan nama kaɗai, a wajenmu, an bar jaki ne ana dukan taiki. Mahauci za a kama, alhali shi a Mai'aduwa ko Charanchi ya sayi sa, bai san rijiyar da ya sha ba, wataƙila ma daga Nijar aka koro shi.

Inda hannu zai iya kaiwa shi ne wajen mai sayarwa da wajen mai kiwo. Duk abin da za a sayar da sunan na tsabtace ruwan dabbobi, ya kasance NAFDAC ta yi masa rajista don wannan aikin, tun da tana da sashe na musamman mai kula da magungunan dabbobi. A rubuta ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace. A rubuta awonsa da Hausa, da boko da ajami, da ma'aunin da mutane suka sani: murfi kaza a jarka, cokali kaza a duro. Rubuta awo da gajartaccen Turanci irin "ppm" a jikin kwalba ga mutumin da ke kiwo a Mashi ko Sandamu daidai yake da ba a rubuta komai ba. Akwai kuma 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa ta canza launi ta nuna yawan kilorin. Ba ta buƙatar wuta, ba ta buƙatar digiri. Da malaman dabbobi na ƙananan hukumomi suna yawo da ita a aljihu, suna shiga gidajen kaji da wuraren turka suna tsomawa a gaban mai gida, da an yi rabin aikin. Ƙwayar kilorin da garinsa sun fi ruwan bilici jure ajiya a irin yanayinmu, in dai an rufe su a inuwa, ya kamata a riƙa gaya wa mutane haka.

Sai dai in za a yi maganar abin da ke shiga nama ta hanyar ruwan sha, rashin adalci ne a tsaya a kan kilorin. Shi ƙaramin alhaki ne. Babban shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin jiki, wato antibayotik, da ake kaɗawa a ruwan kaji tun suna 'yan tsaki har ranar da motar dillali ta zo. Kowane irin wannan magani yana da kwanakin da aka ce a jira bayan an daina ba da shi kafin a yanka dabba ko a ci ƙwanta. Allurar oksitetirasaikilin mai dogon aiki, wadda ake ce wa LA, yawanci kwana 21 zuwa 28 ake rubutawa a jikin kwalbarta. Mu kuwa al'adarmu ita ce, in sa ya ƙi tashi bayan allura, a yi maza a kira mahauci kafin ya zama mushe. Wato dabbar da ta fi kowace ɗauke da magani ita ce ta fi saurin isa kasuwa. Akwai ma magunguna irin su kuloramfenikol da furazolidon waɗanda ƙasashe da yawa suka haramta ba dabbar da za a ci, saboda masana ba su iya tsayar da wani adadi da za a ce ba ya cutarwa ba. Duk hukumar da ta zo Katsina tana neman kiloret a nama ta tsallake wannan, ba lafiyarmu ce ta kawo ta ba.

Kada kuma wani ya ce maganar iyakokin Turai ba za ta taɓa shafarmu ba. Ta riga ta shafe mu a wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari mai suna dikulobos, irin wanda ake zuba wa hatsi a rumbu da shago. Manomin da ya yi abinsa da tsabta da wanda ya yi ganganci duk tare aka rufe musu ƙofa. Yanzu gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo tun 2024, ana ta maganar fitar da nama waje. Duk ƙasar da za ta saya sai ta gwada, kuma tambayar farko da za ta yi ita ce me dabbar ta ci, me ta sha, wa ya rubuta. Mai kiwon da ya saba rubuta ranar da ya zuba abu a ruwa da adadin da ya zuba, ko a bayan kalanda ne, shi ne zai iya shiga wannan kasuwa.

Ni da za a ji ta tawa, da ba daga Abuja za a fara ba. Sarakunan fawa na Katsina da Daura suna da faɗa a ji a cikin mahauta fiye da kowace takardar gwamnati. Masu gidajen kaji suna da ƙungiyarsu, masu sayar da magungunan dabbobi su ma sun san junansu. A zaunar da su da likitocin dabbobi na jiha a yarda a kan abubuwa kaɗan da kowa zai iya riƙewa: ba a zuba bilicin wanki mai turare a ruwan sha, ba a ajiye galan a rana, ba a awo da hanci, ba a kai dabbar da ke kan magani kwata sai kwanakinta sun cika. Na ƙarshen shi ne mai wuya, domin asara ce ta zahiri ga talakan da sansa ɗaya ne, kuma ba zai bi ba sai an nemo wanda zai raba asarar da shi. Wannan ita ce muhawarar da nake so in ga 'yan majalisar jiharmu sun zauna sun yi, da alƙaluman kuɗi a gabansu.

Masu kiwon kaji da masu turkar raguna da ke nan, ku gaya mana me kuke zubawa a ruwa, da me kuke aunawa, kuma wa ya koya muku.