Wai an ci amanar masu zaɓe a Afirka ta Kudu? Ni ban ga haka ba

Jama'a, tun da aka kafa gwamnatin haɗaka a Afirka ta Kudu nake jin magana guda tana yawo a Kano, a majalisun unguwa, a teburin mai shayi, har a bakin masu kiran waya a shirye-shiryen siyasa na rediyo: wai an ci amanar talaka, wai 'yan siyasa duk kanwar ja ce, da rana a yi zage-zage, da dare a raba kujeru. Na fahimci inda wannan zafin ya fito, domin mu an sha yi mana haka. Amma abin da ya faru can daban yake da namu, kuma ina ganin mu Kanawa ne ya fi kamata mu gane hakan.

A ranar 29 ga Mayu, 2024 aka yi zaɓen. Su a can ba a zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Jam'iyya ake zaɓa, sai a raba kujeru 400 na majalisa gwargwadon ƙuri'ar da kowace ta samu, sannan majalisa ta zaɓi shugaba. ANC, jam'iyyar Mandela, wadda tun 1994 ba ta taɓa sauka ƙasa da rabi ba, ta tashi da kashi 40 cikin 100, kujeru 159. A 2019 kujeru 230 gare ta. DA, babbar jam'iyyar adawa a lokacin, ta samu 87. Sabuwar jam'iyyar Jacob Zuma, MK, wadda ba ta cika shekara da kafuwa ba, ta kwashi 58. EFF ta Julius Malema ta samu 39. Ba wanda ya kai 201, don haka dole aka zauna. Ranar 14 ga Yuni majalisa ta sake zaɓen Cyril Ramaphosa da ƙuri'a 283, Malema ya samu 44, kuma ƙuri'un DA na cikin waɗanda suka ɗora shi.

Can ma an yi ta kumfar baki. Ƙungiyar ƙwadago ta COSATU da jam'iyyar kwaminis, tsofaffin abokan tafiyar ANC, ba su so a haɗa kai da DA ba, saboda suna kallonta a matsayin jam'iyyar Turawa da masu jari. Wasu magoya bayan DA kuma suka ce ai an yi musu alkawarin kawar da ANC ne, ba ɗaga mata ƙafa ba. 'Yan MK suka ce maguɗi aka yi, suka ƙaurace wa zaman farko na majalisa. 'Yan kasuwa kuwa murna suka yi. Duk wannan fushin gaskiya ne, ba na raina shi. Mutumin da aka kori kakansa daga gonarsa a zamanin wariyar launin fata yana da dalilin jin ɗaci idan ya ga shugaban DA na lokacin, John Steenhuisen, ya zama ministan noma.

To amma wane ne ya tilasta zaman? Masu zaɓe ne. Mutum shida cikin goma sun ce wa ANC ba mu yarda ki riƙe ƙasa ke kaɗai ba, kuma tsarin ya ji su. Kowa ya zo teburin ciniki da nauyin da jama'a suka auna masa, ba da kuɗinsa ba, ba da 'yan dabarsa ba. DA ta samu ministoci shida saboda kujerunta 87 ne, ba don wani ubangida ya ga dama ba. An rubuta takardar yarjejeniya, an sa hannu, 'yan jarida sun karanta ta. Wanda ya ji haushi ya san wa zai hukunta a zaɓe mai zuwa, kuma ya san ƙuri'arsa za ta shiga lissafi ko da jam'iyyarsa ta zo ta biyar.

Yanzu mu dawo gida. A 2023 Bola Tinubu ya ci shugabancin ƙasa da ƙuri'a miliyan 8.79, abin da bai kai kashi 37 cikin 100 ba, wato ƙasa da abin da ANC ta samu. Ba na cewa bai ci ba, dokarmu ta ce ya ci. Amma dokar ba ta tilasta masa ya zauna da kowa ba. Atiku da kusan miliyan 7, Peter Obi da miliyan 6 da ɗoriya, Kwankwaso da kusan miliyan ɗaya da rabi, duk sun tashi hannu rabbana. A nan Kano, Abba Kabir Yusuf ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Gawuna ya samu 890,705. Mutum kusan dubu ɗari tara sun yi layi cikin rana, kuma a gidan gwamnati ba su samu ko kujerar tsugunno ba. Da Gawuna ne ya ci, da mutum miliyan ɗaya ne za su zama 'yan kallo. Wannan ne ya sa zaɓe a Kano ya zama a mutu ko a yi rai. Wanda ya ga rikicin da aka yi a mazaɓar Gama a zaɓen cike giɓi na 2019 ba ya buƙatar in yi masa bayani.

Abin ya fi muni a ƙananan hukumomi. A 2021 APC ta cinye duka 44 da kansilolinsu. A watan Oktoban 2024 NNPP ta cinye duka 44 da kansiloli 484. Don Allah, akwai mai hankalin da zai yarda cewa a duk faɗin jihar nan babu mazaɓa ɗaya da 'yan adawa suke da rinjaye? Mu da muka saba da wannan, mu ne za mu kira zaman sulhun wasu cin amana?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tarihin NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano. An kafa ta a nan Kano a watan Agustan 1950, kuma talakawa sun sha ɗauri da bulala a kanta. A zaɓen tarayya na 1959 ta samu ƙuri'a wajen rabin miliyan, amma kujeru 8 kacal ta tashi da su cikin 312. NPC, jam'iyyar Sardauna, ba ta kai miliyan biyu ba, ta kwashi 134. Ƙuri'arta ta ninka ta NEPU kusan sau huɗu, kujerunta sun ninka fiye da sau goma sha shida. Da gwargwadon ƙuri'a aka raba, da Malam Aminu Kano ya shiga majalisar tarayya da ke Legas da mutum wajen ashirin a bayansa. Ƙuri'un 'yan NEPU sun warwatsu ne a garuruwan Arewa, su zo na biyu nan, su zo na biyu can, kuma a tsarin da Ingila ta bar mana na biyu da na ƙarshe duk ɗaya ne. Bayan zaɓen ma NCNC ta Azikiwe, abokiyar ƙawancen NEPU, ta je ta kafa gwamnati da NPC. Ashe mu ma mun yi haɗaka, kuma mun sake yi a 1979 tsakanin NPN ta Shagari da NPP ta Azikiwe, ta watse a 1981. A 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kira gwamnatin haɗin kan ƙasa, shugabannin ANPP suka shiga, Buhari ya ƙi. Bambancin shi ne ta 2007 kyauta ce daga mai mulki, in ya so ya bayar, in ya so ya karɓe. Ta Ramaphosa kuwa ba shi da yadda zai yi.

Ga shaidar hakan. A watan Fabrairun 2025 ministan kuɗinsu ya shirya ƙara harajin VAT daga kashi 15 zuwa 17. Abokan haɗaka suka ce ba su yarda ba, har aka ɗage gabatar da kasafin kuɗi a ranar da aka sa. Aka rage ƙarin, DA ta ce duk da haka a'a, ta garzaya kotu, a watan Afrilu aka janye shi gaba ɗaya. Masu cewa wannan rikici ne ba su yi ƙarya ba. Amma ku tuna ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai da jimla ɗaya a wurin rantsuwa. Ko kana goyon bayan cirewar ko ba ka yi, babu wanda ke da ƙarfin cewa a dakata a tattauna. Mai adaidaita sahu da mai koko washegari suka wayi gari da sabon farashi.

Ba zan ɓoye aibin tsarin ba. Don a gamsar da kowa, Ramaphosa ya naɗa ministoci 32 da mataimaka 43, kuma talaka ne zai biya motocinsu. Jam'iyyu biyu masu kujera ɗai-ɗai, GOOD da PAC, kowace ta samu minista. Akwai ƙasashen da ciniki ke jan lokaci, kamar Beljiyam da ta yi kwana 541 ba sabuwar gwamnati bayan zaɓen 2010.

Abin da ya fi ba ni tsoro, in da a nan ne, shi ne jerin sunaye. A Afirka ta Kudu jam'iyya ce ke jera 'yan takararta, daga sama ake ɗauka har kujerunta su ƙare. Mutumin Fagge ko Dala a yau ya san gidan ɗan majalisarsa, yana iya zuwa ya tsaya a ƙofa. A ƙarƙashin jeri, ɗan majalisa ba ya tsoron unguwa, wanda ya rubuta sunansa yake tsoro. Mu kuma mun san yadda ake fitar da 'yan takara a jam'iyyunmu: jagora ya nuna da yatsa, a ce an yi maslaha. Miƙa wa irin wannan jagora alƙalamin jeri kamar ba wa kura ajiyar nama ne.

Shi ya sa ba na kiran a kwafo nasu ɗungurungum. Kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, a rahotonsa na 2008, ya ba da shawarar a haɗa biyun: a bar mazaɓu yadda suke, a ƙara wasu kujeru da za a raba gwargwadon ƙuri'a. Jamus da New Zealand irin wannan gamin suke yi. An ajiye shawarar, ba a waiwaye ta ba. Ni ina so a fara daga ƙasa: kansiloli da majalisar dokokin jiha mai kujeru 40. A ƙara kujerun da jam'iyyar da ta samu kashi 40 ko 20 ko 10 za ta ga rabonta. A sa a doka cewa wanda ya hau kujerar jeri, ranar da ya sauya sheƙa ranar ya bar ta, kamar yadda suke yi a Afirka ta Kudu tun da suka soke damar sauya sheƙa. Jerin kuma 'yan jam'iyya masu kati su zaɓe shi a fili a mazaɓunsu, hukumar zaɓe tana tsaye tana gani, a liƙa shi a bango kafin ranar zaɓe. Duk ɗan takarar majalisar tarayya da ya zo neman ƙuri'ata a zaɓe mai zuwa, zan tambaye shi ko ya karanta rahoton Uwais, kuma ko zai kai wannan gyaran zauren majalisa.