Ranar da Gutsure Ɗaya Ya Kwance Mini Zani a Kasuwa

Kun dai san aikin kammala karatun da na yi wata biyar ina cika muku baki a kansa. Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, fakiti kuma ƙunshin bayanan da kwamfutoci ke aika wa juna. Na cire sashen kanel ɗin Linux mai harhaɗa gutsattsarin fakiti, na dasa nawa. Wayar Ethernet mai haɗa kwamfutoci ba ta ɗaukar sama da bayit (ma'aunin girman bayanai) 1500 a tashi ɗaya, saboda haka babban fakiti sai an yayyanka shi, kowane gutsure ya taho da lambar mazauninsa, kanel ya ɗinke su. Na gwada da ping, ɗan saƙon gwajin da ake aika wa kwamfuta a ga ko za ta amsa, har na gaji, lafiya lau. Shi ya sa ranar kare aiki na raina QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta don gwaji, na tayar da laftof ɗina kanta a kan sabon kanel, a ga cewa ba wasa na zo yi ba. Har shadda na sa.

Na gama bayani, Dokta ya dubi aji ya ce wa zai jarraba. Wa kuke zaton ya ɗaga hannu? Mai jar hula.

Mutumin nan tun muna aji biyu yake riƙe da cajata. Kullum na tambaya sai ya ce tana ɗaki. Ranar kuwa da idona na gan ta maƙale a kwamfutarsa, da ɗan jan salatif ɗin da na naɗa mata. Wato da wutar cajata aka yi mini wannan aika-aika. Ya jona wayar Ethernet da laftof ɗina, ya buɗe Scapy, manhajar ƙera fakiti da hannu, ya buga layi biyu yana tauna gyaɗa, ko kallona bai yi ba.

Allon bango ya daskare. Na motsa linzami, shiru. Na danna wannan, na danna wancan. Sai fitilar Caps Lock ta fara ƙyaftawa, wadda duk mai taɓa Linux ya san ma'anarta: kanel ya sheƙa barzahu. Ni kuma bakina, ba tare da ya shawarce ni ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina jin majigin ne." Majigi! Wata daga baya ta ce, "Allah sarki majigi." Aji ya ɗauka. Har mai sharar da ya leƙo ta taga ya yi dariya, shi da bai san me ake yi ba.

Dokta bai yi dariya ba, wanda ya fi ciwo. Ya cire tabarau ya ce, "Ɗan nan, wace shekara aka haife ka?" Na ce 2001. Ya ce, "To cutar da ta kashe ka ta girme ka da shekara biyar." Ya tashi ya ɗauki alli. Fakiti ba ya wuce bayit 65,535, kuma daidai wannan na tanadi rumbuna a memori, inda nake tara gutsattsarin. Amma lambar mazauni takwas-takwas ake ƙirga ta, tana iya kaiwa 65,528. Saura gurbin bayit bakwai ke nan. Mai jar hula ya aiko gutsure a wannan mazaunin ɗauke da bayit 1000, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu ban auna ba, sauran ya malale cikin memorin maƙwabta. Ping ɗin ajali ke nan na 1996.

Da ma a nan ya tsaya. Ya ce gutsattsarin da ke hawa kan juna fa, irin na harin Teardrop da ya riƙa kayar da Windows 95 a 1997, na yi musu tanadi? Na dubi silin. Ya ce idan aka aiko rabin fakiti aka ƙi aiko sauran, har yaushe zan jira? Na ce har su iso. Ya ce, "Ka cika ɗan halak. Linux daƙiƙa 30 take jira ta watsar, kai kuwa sai an cika maka memori da baƙin da ba sa tafiya."

Takardun bayanina duk suna cikin laftof ɗin, ita kuma na ƙi yarda na sake kunna ta a gabansu. Haka na ƙarasa da baka, gumi ya jiƙa shaddar.

Gyaran farko layi ɗaya ne, na tara mazauni da tsawo na duba kafin na zuba. An ba ni mako biyu na dawo. Da muka fito mai jar hula ya dafa kafaɗata ya miƙo mini gyaɗa, na karɓa don yunwa nake ji. Na ce cajata fa? Ya ce tasa ce wannan, tawa tana ɗaki.